Sabulun Gida: Daga Toka Zuwa Sikeli

A cikin abubuwan da ɗalibi ba ya iya kwana biyu babu su, bayan abinci da data, sai sabulu. Wanka, wanki, wanke kwano, duk shi ne. Amma in ka tare ɗalibai goma a bakin get ka tambaye su da me ake yin sa, yawanci amsar ba za ta wuce "soda da mai" ba. Amsar daidai ce, sai dai ta tsallake wurin da aikin yake. Nawa ne sodar, nawa ne man, kuma kwana nawa za a jira? Waɗannan tambayoyi uku su ne suka raba sabulun da zai gyara fata da wanda zai ci hannu.

Da yawa daga cikinmu sun ga haɗa sabulu a darasin EED, wasu kuma a bidiyon TikTok. Wannan rubutu na wanda yake so ya riƙi abin a matsayin sha'awa ne, ya riƙa yi a gida lokacin hutu ko ƙarshen mako, ya fahimci abin da ke faruwa cikin bokitin, kuma kada ya jawo wa kansa ko ƙannensa masifa.

Abin ba baƙo ba ne a cikin birni

Kalmar sabulu daga Larabci muka aro ta, amma ilimin da ke ƙarƙashinta ya daɗe a cikin ganuwa. Duk wanda ya taɓa leƙa karofin Ƙofar Mata, wanda tarihi ya nuna yana nan tun 1498, ya ga marina na zuba toka da katsi cikin ruwan baba. Ba don ado suke zubawa ba. Ruwan toka na da kaifi irin na kanwa, kuma sai da wannan kaifin shuni ke narkewa ya kama zare. Haka majema ke neman toka in za su cire gashi daga fata. Haka iyayenmu mata ke tace toka su ɗiga a miyar kuɓewa ko karkashi. Sinadari guda ne yake aiki a duk wuraren nan, kuma shi ne dai ke mayar da mai ya zama sabulu.

In ka shiga Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ko Kasuwar Rimi, za ka ga curin sabulun salo, baƙi-baƙi, mai taushi. Wannan shi ne sabulun toka. A ƙasar Yarabawa da Gana, inda ake yin sa da yawa, ɓawon koko da ɓawon agada ake ƙonawa, a tace tokar, a dafa ruwan da manja ko alayyadi ko man kaɗe na tsawon sa'o'i. Da ya iso Kano kuma sai mata su ɗora nasu aikin: a daka shi da kurkum, ko majigi, ko lalle, ko zuma, musamman in ana gyaran amarya.

Akwai kuma wani abu da ya kamata ɗan Kano ya sani. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar da aka riƙa tarawa har ta zama dala Turai ake kai ta, kuma cikin abubuwan da masana'antunsu ke yi da manta akwai bota da sabulu. Ke nan mun daɗe muna tura mai waje, muna sayen sabulu a kwali. Wanda ya koyi haɗawa da hannunsa bai kawo bidi'a ba.

Me ke faruwa cikin bokiti?

Kowane mai, na gyaɗa ne ko na kaɗe ko kitsen shanu, ƙwayarsa na da gini iri ɗaya: gilisarin guda, riƙe da dogayen jeloli uku na asid ɗin mai. Idan sinadari mai kaifi ya haɗu da shi a cikin ruwa, sai ya tsinka wannan riƙon. Gilisarin ya koma gefe, kowace jela kuma ta kama sodiyam ko fotasiyam ta zama sabulu. Wannan ne 'yan SLT ke kira safonifikeshan. Wani Bafaranshe masanin kimiyya, Michel Chevreul, shi ya fayyace yadda abin yake a littafin da ya fitar a 1823, duk da cewa mutane sun shafe dubban shekaru suna yin sabulu kafin a san dalili.

Ƙwayar sabulu kamar ɗan sasanci take. Kanta na son ruwa, jelarta na son mai. Ruwa kaɗai ba ya ɗauke maiƙo, kowa ya gwada wanke kwanon miya da ruwa zalla ya sani. Amma in sabulu ya shiga, jelolin sai su nutse cikin maiƙon, kawunan su juyo waje wajen ruwa, su kewaye dattin, ɗauraya ta tafi da shi. Da haka ne kuma yake yaga rigar kitse da ke jikin wasu ƙwayoyin cuta, shi ya sa likitoci ke cewa a cuɗa hannu na daƙiƙa 20, ba a jiƙa kawai a yarfe ba.

To me ya sa sabulun salo ke da taushi, na kanti kuma ke da tauri? Toka fotasiyam ta fi yawa a cikinta, shi kuwa sabulun fotasiyam laushi gare shi, yana kuma jan danshi. Soda, wato kostik soda, sodiyam ce, ita ke ba da sanda mai tauri. Wani zai ce kanwa fa? Kanwa ma sodiyam ce, amma kaifinta bai kai ya cinye mai a sanyi ba. Kada ka ɓata manka.

Ga mai koyo, soda ta fi toka sauƙin sarrafawa saboda dalili guda: ana iya auna ta. Ruwan toka yau ya yi kaifi, gobe ya yi salam, ya danganta da abin da aka ƙona da yawan ruwan da aka tace da shi. Masu sabulun salo da ido da gogewar shekaru suke gane shi. Kai ba ka da shekarun, amma kana iya mallakar sikeli.

Kowane mai da cikinsa

Babban kuskuren da ake yi shi ne awo da gwangwani ko kofi: "soda kofi ɗaya, mai kofi kaza." Kowane mai na da iya sodar da yake ci, kuma da nauyi ake lissafa ta. Ga abin da giram ɗaya na kowane mai ke buƙata, a ƙiyasin da masu haɗa sabulu ke aiki da shi:

Alayyadi: giram 0.176 na soda
Manja: giram 0.142
Man gyaɗa: giram 0.137
Man kaɗe: giram 0.128

Ka ga ke nan wanda ya ɗauki awon alayyadi ya yi amfani da shi a kan man kaɗe, ya zuba soda fiye da kima, kuma rarar tana nan cikin sabulun tana jiran fatar wani. Wannan na cikin dalilan da suka sa wasu sabulan soda na kasuwa ke tsattsage hannun masu wanki: an auna da ka, an kuma fito da shi kasuwa bai huta ba.

Halinsu ma ya bambanta. Alayyadi ke kawo kumfa da tauri, amma in ya yi yawa yana busar da fata, abin da ba ka so a hunturun Kano. Manja na ba da sanda mai ƙwari da ba ta saurin ƙarewa, sai dai zai rina sabulun ya koma ruwan ɗorawa. Man gyaɗa na sa laushi a fata, amma in ya wuce kima sabulun kan yi taushi, ya yi saurin yin ɗigo-ɗigo da warin tsohon mai. Man kaɗe kumfarsa kaɗan ce, amma shi ne abokin mai kaushi da faso. Shi ya sa ake gauraya su.

Ga haɗi na kilo ɗaya da mai koyo zai iya farawa da shi, tare da lissafinsa:

Manja giram 400 × 0.142 = 56.8
Alayyadi giram 300 × 0.176 = 52.8
Man gyaɗa giram 200 × 0.137 = 27.4
Man kaɗe giram 100 × 0.128 = 12.8

Jimilla giram 149.8 na soda. Amma ba duka za ka zuba ba. Ana rage kashi 5 cikin 100, domin a bar ɗan mai da soda ba ta ci ba. Wannan rarar man ita ce kariyarka in man da ka saya bai zo daidai da lissafi ba, ita ce kuma ke sa sabulun ya yi daɗin fata. Ke nan sodarka giram 142. Ruwa kuma giram 300. In ka canja ko da mai ɗaya cikin jerin nan, sai ka sake lissafi daga farko. Babu "ai duk mai ne."

Ruwan ma a kula da shi. Ruwan wasu rijiyoyi da burtsatse na da gishirin ƙasa da ke kashe kumfa. Tataccen ruwa irin na lab ya fi, in babu a yi da ruwan sama mai tsabta ko ruwan leda.

Kafin ka taɓa soda, karanta nan

Nan ne wasa ya ƙare. Soda ba omo ba ce. Tana cin fata, ɗigo ɗaya a ido na iya makantarwa, kuma zafinta ba ya bayyana nan take, sai ka ji wurin ya yi santsi, kafin ka farga ta shiga.

Na ɗaya, safar hannu ta roba, tabarau mai rufe gefen ido, riga mai dogon hannu, takalmi rufaffe. 'Yan mata, a ɗaure mayafi ko hijabi baya, kada ya leƙa bokiti.

Na biyu, soda ake zubawa cikin ruwa, kaɗan-kaɗan ana juyawa. Ba a zuba ruwa a kan soda, domin tana iya tafasowa ta fantsamo fuska. Ruwan zai yi zafi sosai da kansa, har ya kusa tafasa, ya kuma fitar da tururi mai shaƙe maƙogwaro. A tsakar gida ake wannan, inda iska ke wucewa. Ɗakin hostel mai mutum shida da taga ɗaya ba wurinsa ba ne, ko da kuwa babu wanda ya hana.

Na uku, kada ka kusanci tukunyar dalma ko wani kwanon alminiyam. Soda na cin alminiyam, tana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta. Ka nemi bokitin roba mai kauri, irin wanda aka buga lamba 5 a gindinsa, ko kwanon ƙarfe marar tsatsa. Kuma duk abin da ya shiga aikin sabulu ya bar kicin ke nan har abada. Kada Umma ta nemi ludayinta ta same shi a wurinka.

Na huɗu, kuma shi ne mafi nauyi: yara. Gidajenmu na cikin birni gidajen yawa ne, tsakar gida ɗaya, yara goma. Busasshiyar soda kamar sukari take ko gishiri. Wadda aka narkar kuwa, in ta huce, ba ta da maraba da ruwan sha, ba launi ba wari. Likitocin yara a Afirka ta Yamma sun daɗe suna kokawa da wannan: yaro ya ga ruwa a gora ko kofi ya kurɓa, maƙoshinsa ya ƙone, daga baya ya tsuke har abinci ya gagara wucewa, a yi ta tiyata shekara da shekaru. Yawanci a gidajen da ake haɗa sabulu ko rini abin ke faruwa. Saboda haka kada ka taɓa zuba ruwan soda a gorar ruwa ko ta lemo. Kada ka jiƙa ka tafi masallaci ka bar shi a buɗe. Ka narkar da iya wadda za ka yi aiki da ita a ranar, sauran a rufe, a rubuta suna, a kulle.

In tsautsayi ya faru ta zuba a fata ko ido, a cire tufafin da ta taɓa, a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 20. Na ido a wuce asibiti bayan wankewa. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, domin za ta sake ƙona hanyar da ta bi, kada kuma a tsaya ɗura masa manja ko tsamiya. A ɗauke shi da mazubin sodar a nufi asibiti nan take. Ga na cikin birni, Asibitin Murtala na nan kusa da Ƙofar Mata.

Yadda ake haɗawa

Ka auna komai tukuna a sikelin dijital mai nuna giram, irin na masu kek. Ka narkar da soda a ruwa, ka ajiye ta inda hannu ba ya kaiwa ta huce. Ka narkar da man kaɗe da manja da alayyadi a wuta kaɗan, ka sauke, ka zuba man gyaɗa, ka tace in akwai gurɓi. Abin da ake so duka biyun su dawo ɗumi, wajen digiri 40, yadda in ka dafa bayan mazubin ba za ka janye hannu ba.

Sai ka tsiyaya ruwan soda cikin mai a hankali, kana juyawa. Da farko za ka ga mai na tasowa sama, ka ci gaba. Da hannu abin kan ɗauki rabin awa zuwa awa guda, wani lokaci fiye; mai ƙaramin injin markaɗe na hannu kan gama cikin mintoci. Alamar da kake jira ita ce kauri irin na koko: ka ɗaga ludayi ka ɗiga a saman haɗin, in ɗigon ya bar sawu kafin ya nutse, to ya yi. Wanda ya gaji ya zuba kafin nan, zai wayi gari ya ga mai a sama, ruwan soda a ƙasa.

A wannan gaɓar ake sa ƙamshi. Madarar turare giram 20 zuwa 30 ta isa kilo ɗaya na mai. Turaren fesawa ba ya yi, sinadarin da ke cikinsa kan sa haɗin ya daskare a bokiti kafin ka kai ga zubawa. Launi kuma akwai abin mamaki: zoɓo ba ya zama ja a sabulu, kaifin soda na juya shi ya koma wani dusasshen launi marar kyau. Kurkum kuwa daga rawaya yake komawa ja-ja. Garin gawayi mai laushi da garin zogale sun fi jurewa, kodayake koren zogale kan dushe da lokaci. Cokali ɗaya ko biyu ya wadatar.

Ka juye a akwatin katako da aka shimfiɗa wa leda, ko robar da ba ka so, ka rufe da kwali da tsohon zane. Zai yi zafi da kansa cikin dare, alamar aiki na tafiya ne. Bayan kwana ɗaya zuwa biyu ka fitar, da safar hannu, ka yanka. Kilo ɗaya na mai kan ba da sanduna 12 zuwa 13 masu giram 100.

Daga nan sai haƙuri. Ka jera su a inuwa, da tazara tsakaninsu, ka riƙa juya su, har mako 4 zuwa 6. A wannan lokacin ruwa ke fita, sandar ta yi tauri, ta yi sanyi a fata, ta kuma daɗe ba ta ƙare ba. Da hunturu bushewa na sauri, da damina sai an ƙara kwanaki. Farin gari-gari da kan fito a sama ba matsala ba ne, ana kankarewa. Amma in ka yanka ka ga farin tsakuwa-tsakuwa a ciki, ko ruwa na tsatsowa, ko sandar na farfashewa kamar alli, wannan soda ce ta yi yawa, kada ya taɓa jikin kowa. In kana da aboki a SLT, ya samo maka takardar gwajin pH. Sabulun wanka mai kyau kan tsaya tsakanin 9 da 10.

Tarkon "haɗin haske"

Da zarar an ji kana haɗa sabulu, tambayar farko da za ta zo ita ce: "Akwai na haske?" Nan ne mutane da yawa suka karkace. Ana matse mayukan tub masu sitiroid cikin sabulun salo, ana zuba haidirokwinon, wasu ma har da sinadarin makuri, a sa masa suna mai daɗi a sayar. Sitiroid na sirantar da fata, ya fito da jijiyoyi da nankarwa da ƙuraje. Makuri kuwa ƙoda yake lalatawa, kuma mai ciki ko mai shayarwa na iya miƙa shi ga jariri. Hukumar Lafiya ta Duniya da NAFDAC sun sha yin gargaɗi a kan haka. Aikin sabulu wanke datti ne. Wanda aka haɗa daidai zai bar fata da laushi saboda gilisarin da rarar man da ke cikinsa, amma ba zai canja wa kowa launin da Allah ya ba shi ba, kuma in ka ga wanda ke yin haka cikin mako biyu, akwai abin da aka zuba.

In sha'awar ta girma

Wasu za su tsaya a yi wa gida da kyauta ga abokai, kuma hakan ma riba ce. Wanda ya hango kasuwa kuwa, ya fara da littafi. Kowane haɗi a rubuta kwanan wata, awo, inda aka sayi mai, minti nawa ya ɗauka kafin ya yi kauri, da yadda ya fito bayan mako shida. Kuɗin mai, soda, turare, gas, leda da na Adaidaita zuwa Sabon Gari wajen masu kemikal, a tara a raba da yawan sanduna, sannan a san ko akwai riba. Ka yi haɗi ɗaya sau uku ko huɗu ya fito iri ɗaya kafin ka karɓi kuɗin kowa. Kuma ka sani sabulun da za a sa wa suna a kai shaguna sai da rajistar NAFDAC.

Ga wanda zai fara a hutun nan, kada ma ya yi kilo ɗaya. Ya raba awon nan biyu: manja 200, alayyadi 150, man gyaɗa 100, man kaɗe 50, soda 71, ruwa 150. In ya lalace asarar kaɗan ce, in ya yi kyau sanduna shida sun isa ɗalibi ya ci rabin simista. A sayi sikeli da tabarau kafin a sayi turare, a kuma zaɓi ranar da yaran gida suka tafi Islamiyya.